Jan maraƙin Inna

Shekarun baya, lokacin ina lakol, wato makaranta, a Maradi ina koyon aikin kiwo, akwai wata saniya da ta kusa raba mahaifina da amininsa har abada. Jiya wani daga cikinku ya tambaye ni a nan ko baƙar saniya da baƙin sa za su iya haifar jan maraƙi. Na ba shi amsa a layi biyu, amma tun daga lokacin labarin nan yake ta yi mini yawo a kai, don haka bari in sauke muku shi in huta.

Garinmu ɗan ƙauye ne a ƙasar Gidan Sori. Manoma ne mu, gero da wake, amma ba a rasa ɗan abin kiwo a bayan gida. Mahaifina yana da baƙin bijimi da ya sayo a kasuwar Cadakori, shi ke jan amalanke. Mahaifiyata kuma tana da baƙar saniya da ta gada daga wajen tata uwar, muna ce mata 'Yar Baƙa. Ni ne auta a gidan, amma ban taɓa ganin Inna ta zabura daga kan tabarma saboda kukana kamar yadda take zabura in saniyar nan ta yi kuka ba. Na daɗe da haƙura da matsayina.

A wajenmu da zarar an yi shuka ba a barin saniya a gari, don ko'ina gona ce. Akwai wani Bafillace aminin mahaifina, mu yara muna ce masa Kawu. Shi ke zuwa ya kora 'Yar Baƙa cikin garkensa na jajayen shanu masu dogayen ƙahoni, ya yi arewa da su wajen Dakoro har damina ta wuce. In an gama girbi sai ya dawo ya sauka a gonarmu, shanunsa su ci kara su bar mana taki, Baba kuma ya kai masa dammunan gero. Tun kafin a haife ni suke haka, ba shaida ba rantsuwa. In suka zauna a gindin gawo ba abin da suke yi sai tsiya. Kawu ya ce Baba bai san bambancin saniya da jaki ba, Baba ya ce Kawu ko hauya aka miƙa masa ta wajen baki zai kama.

A shekarar da nake ba ku labari, 'Yar Baƙa ta tafi arewa da ciki. Bijimin Baba ne ya hau ta a gida bayan kaka, kowa ya sani, kuma shi ne uban maruƙanta biyu na baya, dukansu baƙaƙe wuluk. Da Kawu ya dawo da ita, sai ga ɗan maraƙi namiji yana bin ta, ja jawur, irin jan shanun Kawu sak.

Ba na gida a ranar, Inna ce ta ba ni labari daga baya. Ta ce Baba ya daɗe yana kallon maraƙin, sannan ya ce, "Wanga ne ta haihwa?"

Kawu ya ce, "Shi ne, Malam."

Baba ya zagaya maraƙin, ya sake cewa, "Wanga ɗin?"

Kawu ya dubi Baba, ya gyara sandarsa a kafaɗa, ya koma wajen shanunsa. Bai yi mako guda a gonarmu ba ya tashi ya koma wata gona can wajen Tibiri.

Wanda ya hura wutar ƙanen mahaifina ne, da yake yana ɗan taɓa dillanci a kasuwar dabbobi, kuma a ganinsa duk duniya ba wanda ba ya ha'inci sai wanda bai samu dama ba. Shi ya yi ta cewa ai baƙar maraƙa mace aka haifa, Kawu ya riƙe ta ya kawo namiji daga nasa garken. Da Baba ya ce ai ga shi saniyar tana shayar da shi, sai ya ce makiyaya sun san yadda ake shafa wa maraƙi gishiri uwa ta lashe shi ta karɓe shi. Baba mutum ne mai sanyin hali, amma in magana ta shiga kunnensa ta zauna, fitar da ita aiki ne.

Ana cikin haka na zo hutu. Na tarar da gida shiru, Inna tana ba jan maraƙi dusa, Baba yana wucewa ta gabansa kamar bai gan shi ba. Da aka faɗa mini abin da ya faru sai na fashe da dariya, don a watan nan ne mushenmu, wato malaminmu, ya koya mana yadda gado ke tafiya a jinin dabbobi, kuma da baƙi da ja ya yi mana misali. Ku da kuka yi lakol kun san yadda yaro yake in ya koyi sabon abu. Ji nake duk ƙasar Maradi ba mai ilimina.

Bayan la'asar na ce su Baba su ba ni hankalinsu. Na share ƙasa a ƙofar zaure, na zana gida huɗu da tsinke, na tsinto gutsattsarin gawayi da na jan tsingaro. Na ce kowace dabba tana ɗauke da ƙwayar launi biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kuma ɗaya tak take miƙa wa ɗanta. Na ɗora gawayi a kan tsingaro na ce su duba, baƙi yana rufe ja, don haka saniya tana iya zama baƙa a ido alhali tana ɓoye da ja a jininta. In uwa da uba duk suna da wannan ɓoyayyen jan, hanya huɗu ce. Na jera musu. Gida ɗaya gawayi da gawayi, baƙi ne tsantsa. Gida biyu gawayi da tsingaro, baƙi ne a ido amma yana ɗauke da ja. Gida na ƙarshe tsingaro da tsingaro, babu abin da zai rufe shi, sai ya fito ja. Uku baƙi ke nan a ido, ɗaya ja.

Inna tana leƙowa ta bayan zana, sai ta ce, "Auta, dama bugun ƙasa munka kai ka koyo Maradi?"

Har Baba sai da ya murmusa. Sannan Inna ta ƙara da cewa, in dai wannan ne, kakar 'Yar Baƙa ja ce, ta san ta tun tana yarinya a gidansu. Nan fa kaina ya ƙara kumbura, na gyara zama.

Ƙanen Baba ya tsuguna yana duban gidajen nan huɗu. Ya ce, "To malam mai ƙasa, mun ji. Na gaba hwa, mi za ta haihwa?"

A nan ne na zuba. Na ƙirga a raina, baƙi biyu sun zo, ja ya zo, saura gida ɗaya. Na ce masa, "Baƙi ne, Baba ƙarami. Ko shakka babu."

Ya miƙe yana karkaɗe rigarsa yana dariya. Ya ce, "Madalla. Ai mu ma abin da muke hwaɗi ke nan, baƙi suke haihuwa. Yaya, ka ji ko ɗan lakol ya yarda."

Kafin in gano inda maganata ta faɗa, Baba ya yanke hukunci. Ya ce bana 'Yar Baƙa ba za ta je arewa ba, a gida bijiminsa zai hau ta, a gida za ta haihu a gaban idonsa. Ya ce, "In ta haihi ja, ni da ƙahwata zan tahi in ba shi haƙuri. In ta haihi baƙi, to, kowa shi riƙe gonarshi da garkenshi."

Da na koma lakol na ba mushenmu labari ina jiran yabo. Ya saurare ni har ƙarshe, ya cire tabarau ya share ido don dariya. Ya ce saniya ba ta riƙe lissafin abin da ta haifa a baya. Gidajen nan huɗu ba layi ba ne da ake bi ɗaya bayan ɗaya, kowane ciki sabon zaɓe ne daga farko. Tana iya haifar ja sau biyu a jere, tana iya haifar baƙi sau goma ba a ga ja ba. Abin da kawai zan iya faɗa shi ne, a kowace haihuwa baƙi yana da kashi uku, ja yana da kashi ɗaya.

Ban yi dariya tare da shi ba. Na fita na zauna a gindin bishiyar bedi ina juya maganar. Amincin mutum biyu na shekara da shekaru an rataye shi a kan haihuwa ɗaya, kuma ilimin da nake taƙama da shi yana gaya mini kashi uku cikin huɗu Kawu zai tashi ɓarawo a idon Baba, alhali bai ɗauki ko gashin saniya ba. Tsoro ya kama ni sosai, kuma na ji tausayin Kawu, mutumin da yake ɗora ni a wuyansa ina ƙarami in kama ƙahon sa.

Da babban hutu na zo na yi ƙoƙarin gyara maganar. Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, ko da ta haihi baƙi ba shi nuna an yi musanya." Ya dube ni ya ce, "Kai da bakinka ka ce baƙi, yanzu kuma ka zo da wata. Karatun naku kullum sake riga shikai?" Na sake zana gidajen, ya ce in bar ɓata masa ƙofar zaure.

Daminar nan na ci ubana. Tunda saniya ba ta tafi ba, dole wani ya ciyar da ita, kuma wanin nan ni ne. Kullum da safe ga ɗan lakol da lauje da buhu yana bin gefen gonaki yana yankan ciyawa, abokaina suna wucewa a kan moto, wato babur, suna ce mini likita ya aiki. 'Yar Baƙa kuwa ba ta gode ba. Ta saba da daji, sai ta tsaya a turke ta fuskanci arewa ta yi ta kuka. In ta fara, Baba sai ya tashi ya bar gidan.

Geron gonarmu ma ya nuna rashin taki. Inda shanun Kawu suka saba kwana, wurin da zangarniya ke fin ta kowa, bana ya tsaya daidai da na maƙwabta.  Wata rana na dawo da ciyawa na sami Baba a bayan gida shi kaɗai, yana sosa wa jan maraƙin wuya yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Da ya ji motsina sai ya ce wai kaska yake dubawa.

Inna ita ba ta taɓa shiga rigimar ba. Da kaka ta zagayo su Kawu suka sauko daga arewa suka zauna can wajen Tibiri, matarsa ta zo garinmu tallan nono tana neman ta wuce ƙofarmu. Inna ta fita da kanta ta jawo ta ciki, ta auna mata gero har tiya tana zuba. Baba ya yi gyaran murya daga zaure. Inna ta ce, yadda zai ji, "Saniyata ce dai, kuma ni ban ce an yi mini sata ba."

Ni kuwa duk sallar da na yi a watannin nan sai na roƙi Allah ya ƙaryata ni. Ina jin a duk lakol ɗinmu ni kaɗai ne ɗalibin da ke addu'a kada amsarsa ta fito daidai.

Allah ya sa haihuwar ta zo ina gida hutu, lokacin sanyi. Da hantsi Inna ta ga saniyar tana kwanciya tana tashi, ta ce a kira Malam. Baba ya kifa turmi ya zauna a kai. Ƙanensa ma, ban san wa ya faɗa masa ba, sai ga shi har da goronsa. Ƙafafu suka fara fitowa, sai kai, sai maraƙin ya sulluɓo ƙasa jiƙe sharkaf, duhu gare shi kamar an tsoma shi a rini.

Ƙanen Baba ya ce, "To, ga shi nan."

 Na dubi Baba, na ga fuskar mutumin da aka ba gaskiya amma bai ji daɗinta ba. Ya dafa gwiwa zai tashi, Inna ta ce, "Malam, ku dakata ta lashe shi."

'Yar Baƙa ta juyo ta fara lasa, daga kai zuwa wuya zuwa gadon baya. Rana tana dukan wurin. Duk inda harshenta ya bi ya bushe sai gashin ya tashi, kuma abin da ya tashi ba baƙi ba ne. Muna tsaye muna kallo har 'yar maraƙar, don mace ce, ta miƙe tana tangaɗi tana neman nono, ja jawur kamar wanta. Ƙanen Baba ya tuna wai yana da wani ciniki a Cadakori.

Inna ba ta yi guɗa ba, ba ta ce ai na faɗa ba. Ta shiga ɗaki ta fito da hular Baba ta miƙa masa, ta ce, "Takalmanku suna bakin zaure."

Baba ya sa na ɗaura wa baƙin bijimin amalanke, muka loda dammunan gero, na bana da na bara da ba a kai ba. Duk tsawon hanya carbi yake ja. Muka sami Kawu zaune a kan tabarma a gonar mutane yana tufka igiya. Ya tashi ya tarbe mu, aka yi gaisuwa mai tsawo, gida da iyali da shanu da sanyi, irin gaisuwar da ake yi wa baƙo. Wannan ta fi zagi ciwo, don da can ba sa gama sallama ba su fara tsokanar juna ba.

Can Baba ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ya ce, "Amini, 'Yar Baƙa ta haihu yau a gabana. Ja ta haihwa. Na zarge ka da abin da ba ka yi ba, na zo ka yahe mini."

Kawu ya ci gaba da tufkarsa na ɗan lokaci. Sannan ya ɗago, ba da faɗa ba, ya ce, "Na ji, Malam. To da ta haihi baƙi hwa?"

 Baba ya juyo ya dube ni, ni mai amsar kowace tambaya, ni kuma na sunkuyar da kai, don na san amsar kuma na san yawan kashinta.  Ya ce, "Da na mutu ina zaluntarka ban sani ba."

Ban taɓa ganin hawaye a idon mahaifina ba sai ranar. Kawu ya ajiye igiyar, ya kira matarsa da Fillanci, ta kawo ƙwarya cike da fura da nono. Ya dama da kansa, ya kurɓa, ya tura wa Baba ludayin.

Ya ce, "Sha. Mutumin da bai san saniya da jaki ba, da mi za a riƙe shi?"

Baba ya yi dariya hawaye na zuba a gemunsa, har fura ta sarƙe shi. Sai Kawu ya juyo kaina ya ce, "Auta, an ce kai ka buga ƙasa ka ce baƙi za a haihwa?" Na ce ni ne, Kawu. Ya ce, "Allah shi ƙara maka kuskure irin wanga."

Kafin sati ya zagayo shanunsa sun dawo gonarmu. Da aka yi shuka ya kora 'Yar Baƙa da jajayen 'ya'yanta biyu arewa, ni kuma na rataye lauje na gode wa Allah.

Yau Baba ya rasu, Kawu ya tsufa ba ya bin shanu, 'ya'yansa ne ke sauka a gonarmu, yayyena kuma su kai musu gero. Jikokin jar maraƙar nan suna nan a hannun Inna, kuma har yanzu suna gabana a lissafi. Ni kuma aikin kiwon nake yi, kuma ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba nakan tsuguna in zana wa masu shanu gidajen nan huɗu a ƙasa, ɗaya, biyu, ɗaya. Lissafin daidai yake, ban taɓa samun sa da ƙarya ba. Sai dai yanzu nakan fara da gaya musu cewa yana faɗin abin da zai iya zuwa ne, ba ya faɗin abin da zai zo gobe, kuma kada wanda ya yanke wa ɗan'uwansa hukunci da shi.

In na gama bayani mutane sukan tsura wa gidan jan ido, don shi ne abin mamaki. Ni kuwa sauran ukun nake kallo, har yau kuma sai in ji tsikar jikina ta tashi. A cikin kowane ɗayansu mahaifina ya rasa amininsa, ya koma ga Allah yana ganin shi aka cuta. Kawu kuwa a duka huɗun mai gaskiya ne.